GADAGI, ƊAN'UWAN WAKE NA DAJI

Ran nan muna cikin karatu a ajinmu na Yalwawa, sai ga wani yaro ya wuce ta ƙofar zaure da damin ciyawa a ka. Wani dattijo cikin 'yan aji ya ɗaga kai ya ce, "Kai yaro, ba gadagi ba ne wannan? Ina ka samo shi?" Yaro ya ce can bayan dutse, kuma ya sha tafiya kafin ya cika damin. Dattijo ya girgiza kai, ya dube ni ya ce, "Malam, da muna yara a bayan gida mu ke yankan wannan. Yanzu sai an yi tattaki." Na ce, "To, Baba, me ya kore shi?" Ya ce shi dai bai sani ba, ya ga dai ya ja da baya.

Wannan tambaya ita za mu bi yau. Ba za mu iya amsa ta ba sai mun san gadagi kansa, watau kamanninsa, da wurin zamansa, da yadda ya ke rayuwa. Ku karanta a hankali. Inda kuka ga abin da na faɗa ya saɓa da abin da idonku ya gani a gona, ku tsai da ni mu yi magana, gama kun riga ni sanin ciyawan nan.

YADDA ZA KU GANE SHI

Gadagi ba shi da girma. Tsawonsa daga taƙi ɗaya ne zuwa kamu ɗaya ko fiye da haka kaɗan. In ya sami fili ba mai matsa masa, sai ya kwanta ya baza rassa ko ta ina. In kuwa ya fito cikin gero ko cikin ciyawa mai tsawo, sai ya miƙe tsaye yana neman rana. Karansa siriri ne amma da ƙarfi, ba ya tsinkewa da sauƙi.

Yanzu ku dubi ganyen. Ganyen wake uku-uku ne a kan sanda guda. Na gyaɗa huɗu-huɗu ne. Na gadagi kuwa ɗai-ɗai ne, ko wane ganye da 'yar sandarsa. Wannan ita ce babbar alama. Ganyayen da ke ƙasa kusa da gindi sun fi faɗi, kamar siffar ƙwai. Na can sama su kan fi tsawo da siranta. Sabo da haka wani ya kan ga reshe biyu ya ce ciyawa biyu ce, alhali kuwa gindinsu ɗaya. A gindin ko wane ganye akwai wani ɗan ɓawo mai tsini, busasshe kamar ƙaiƙayi, ya rungume karan. Ku neme shi, ba za ku rasa shi ba.

Furen ƙanƙane ne ƙwarai, bai fi ƙwayar dawa ba. Launinsa ja-ja ne, wani da ɗan ruwan goro, wani ya ɗan yi shuni. Furanni su kan jeru bibbiyu a kan wani siririn tsinke a ƙarshen reshe, da ɗan rata tsakaninsu. In kun sa ido sosai za ku ga ƙirarsa ɗaya ce da ta furen wake. Akwai babban kunne a sama, da ƙananan fukafukai biyu a gefe, da wani ɗan kwale-kwale a ƙasa. Duk tsiron da kuka ga furensa da wannan ƙira, to, dangin wake ne.

Bayan fure sai kwanso. Kwanson gadagi siriri ne kamar tsinken ashana, tsawonsa wajen inci ɗaya ko ƙasa da haka. Yana da gaɓoɓi, daga biyu har zuwa takwas, ko wace gaɓa da ƙwayar iri guda a ciki. Kwanson wake in ya bushe ya kan tsage ya zubar da 'ya'ya. Na gadagi ba ya tsagewa. Kakkaryewa ya ke yi gaɓa-gaɓa, ko wace ƙwaya ta faɗi ƙasa da 'yar rigarta.

SUNANSA DA DANGINSA

Masana tsire-tsire na duniya sun yi shawara su ba ko wane tsiro suna guda wanda kowa zai gane, ko da wane harshe ya ke yi. Sunan da suka ba gadaginmu shi ne Alysicarpus ovalifolius. Kada tsawonsa ya ba ku tsoro. Kalmar farko daga harshen Girka ta fito, ma'anarta 'ya'ya masu kama da sarƙa, sabo da gaɓoɓin nan na kwanso. Ta biyu daga Latin ce, ma'anarta mai ganye kamar ƙwai. Kun ga ashe ba abin da suka faɗa wanda ba ku gani da idonku ba.

Wani likita mutumin ƙasar Danmak, sunansa Thonning, shi ya tsinko shi a bakin tekun ƙasar Gana, inda ya zauna daga 1799 zuwa 1803. Wani malami, Schumacher, ya rubuta bayaninsa cikin littafin da aka buga a 1827. Sunan da a ke kiransa da shi yanzu kuwa wani masani ɗan Beljiyam mai suna Léonard ya daidaita shi a 1954. A nan Arewa kuma an yi wani likitan gwamnati, Dalziel, mai son itatuwa da ciyayi. Ya tara tsire-tsire da yawa a ƙasar Katagum, maƙwabtanmu na gabas. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa. Daga bakin wa ya ji sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani irinku. Su ba su iya rubutu ba, shi ya iya, don haka sunansa ne a bangon littafin. Wannan ma dalili ne na zuwa aji.

A ƙasashen Turai akwai wata ciyawa da Ingilishi ke kira kuloba. Ita ma dangin wake ce, ganyenta uku-uku, furenta a dunƙule kamar ɗan tulu. Irinta ya fi ɗari biyu, waɗansu na daji, waɗansu na shukawa. A Masar su kan shuka wata irinta da sanyi a bakin kogin Nilu, suna kiranta barsim, da ita su ke ciyad da shanu da jakuna. Amma kuloba ba ta son zafi irin namu. A wannan sashe na Afirka sai can kan tsaunuka masu sanyi, kamar na iyakar Nijeriya da Kamaru, a ke ganin ta daji. A nan ƙasar Dutse ba ta fitowa. Aikin da ta ke yi wa Turawa da Misirawa, gadagi ne ke yi mana. Har Ingilishi su kan kira wani ɗan'uwan gadagi da sunan kuloba mai ganye ɗaya, kuma a kudancin Amurka, wajen Fulorida, shuka shi a ke yi a gona don a yanka a busar wa dabbobi. Abin da mu ke takawa a hanya, waɗansu sayen irinsa su ke yi.

INDA YA KE ZAMA

Kun san abin da a ke kira jigawa, watau ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Daga wannan kalma jiharmu ta sami sunanta sa'ad da aka kafa ta ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. To, jigawa ita ce gidan gadagi. Yana son rairayi, yana son rana, ba ya son ruwa ya tsaya masa a gindi. Ba za ku same shi da kyau a ƙarƙashin inuwa mai duhu ba, ko a tsakiyar fadama inda ruwa ke kwana.

Ku neme shi a saura, watau gonar da aka bari ta huta. Ku neme shi a iyakar gona, da gefen burtali, da bakin hanya, da cikin gero bayan an gama noma. A gindin duwatsun nan namu, inda ruwa ya tara rairayi a tsakanin pa da pa, nan ma ya kan fito. Abokan zamansa su ne ƙarangiya da burburwa da harƙiya da kyasuwa. In kun bi hanyar Kiyawa ko ta Jahun da marka, ku riƙa duban gefen gonaki, za ku gan shi.

Akwai wani ɗan'uwansa da ya fi son laka da wuri mai damshi, kamar gefen fadama. Shi ya fi tsawo, furanninsa sun fi cunkusuwa, kwansonsa gajere ne mai tamoji, ya kan ɓuya cikin ɓawon fure. Shi ma gadagi mu ke ce masa. Masana sun raba su, mu mun haɗa, dabba kuwa duka ci ta ke yi.

Ba ƙasarmu kaɗai ya ke ba. Ana samunsa tun daga Sanigal har Sudan, da sauran wurare masu zafi na Afirka, har Indiya. A Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba, nan ma yana nan, kuma sunansa gadagi. Abin da ya sa ya ke jure ƙarancin ruwa shi ne gaggawarsa. Ba ya jiran damina ta yi tsawo.

RANSA DAMINA ƊAYA NE

A nan ne na ke so ku tsaya ku yi tunani. Tsire-tsire iri biyu ne wajen tsawon rai. Akwai masu shekara da shekaru, kamar gamba da tofa da yaɗiya. Ko an yanke su, ko wuta ta cinye su, saiwarsu na nan da rai a ƙasa, da ruwa ya sauka sai su tofo. Akwai kuma masu damina ɗaya, kamar gero da wake da ƙarangiya. Waɗannan da kaka ta yi sai su mutu ɗungum, har saiwa. Gadagin jigawa cikin waɗannan ya ke.

Ga yadda shekararsa ta ke tafiya. Ruwa ya sauka wajen watan Yuni, ƙasa ta jiƙu, sai ƙwaya ta tsaga. Da fari a hankali ya ke girma, yana kafa saiwa. Da marka ta kama, cikin Agusta, sai ya baza rassa. Daga nan sai fure, sai kwanso. Wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ke ɗaukewa, kwanso ya nuna ya yi duhu, ya kakkarye ya zube. Uwar ta bushe, iska ta kwashe ganyen. Daga nan har wata bakwai ko takwas, duk rani da bazara, babu gadagi mai rai ko ɗaya a ƙasar nan sai 'yan ƙwayoyin da ke kwance cikin rairayi. Ko wace ƙwaya ba ta fi ƙwayar gero ba. Su ne gadagin baɗi. In babu su, babu shi.

Allah ya yi wa ƙwayar nan wata dabara. Fatarta tauri gare ta, ruwa ba ya shiga da wuri. Sabo da haka ba duka su ke tsirowa rana ɗaya ba. Waɗansu su fito da ruwan fari. Waɗansu sai an yi ruwa uku ko huɗu. Waɗansu ma su ƙi fitowa bana sam, sai zafin rana da sanyin dare da gugar rairayi sun cinye fatar, sa'an nan su fito baɗi ko baɗin baɗaɗa. Kun san yadda ruwan fari ya kan yaudari manomi, a yi shuka, sa'an nan a yi kwana ashirin ba ɗigo, shuka ta ƙone. Da gadagi duka ya ke fitowa lokaci guda, da fari ɗaya ya ƙare shi. Amma yana da ajiya a ƙasa, kamar mai hankali da ba ya zuba irinsa duka a binne.

Sai dai ajiya, in ana ɗiba ba a zubawa, ƙarewa ta ke yi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

ABIN DA KE CIKIN SAIWA

Gani ya kori ji. Ku sami gadagi ɗanye wanda bai yi kwanso ba tukuna. Kada ku fizge shi. Ku haƙa kewaye da shi da fartanya, ku ɗago shi da ƙasarsa, ku sa cikin ƙwarya da ruwa ku wanke a hankali. Za ku ga doguwar saiwa guda ta nufi ƙasa, da ƙanana a jikinta. A jikin saiwoyin nan za ku ga 'yan ƙullutai ƙanana sun manne, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Ku tono wake da gyaɗa, za ku ga irinsu. Ku tono gero ko dawa ko ƙarangiya, ba za ku ga ko ɗaya ba.

Mutane da yawa suna tsammani cuta ce. Ba cuta ba ce. Ɗakuna ne. A cikinsu akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, ana kiransu bakteriya. A cikin ƙasa su ke zaune. In saiwar dangin wake ta zo kusa, sai su shiga ta 'yan gasun saiwar, ita kuwa ta gina musu ɗaki. Tana ba su abinci mai zaƙi da ganye ke yi da hasken rana. Su kuma ga abin da su ke biya da shi.

Akwai wani sinadari da a ke kira naitirojin. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. In gona ta rasa shi, sai ku ga gero ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya tsumbure. Iskar nan da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Amma gero ba ya iya cin na iska, kamar yadda mutum ba ya iya cin dawa a zangarniya sai an sussuka an daka an dafa. 'Yan halittun nan su ne masu daka da dafawa. Su kamo naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa, su juya shi ya zama abin da tsiro zai iya sha.

Takin zamani da a ke kira yuriya, abin da a ke saye a cikinsa ke nan. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne. Ga lissafi: buhu mai kilo 50, naitirojin da ke ciki kilo 23 ne. Kun fi ni sanin abin da buhun nan ke ci a aljihu.

Waɗansu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatad da wannan a 1886. Sun shuka dangin wake cikin rairayin da aka kashe duk wani mai rai a cikinsa. Tsiron bai yi ƙullutai ba, ya rame. Da suka zuba masa ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, sai ƙullutai suka fito, tsiro ya murmure. A 1888 wani masani na Holan, Beijerinck, ya ware halittar kanta ya rene ta. Amma tun kafin a haifi kakanninsu manoman ƙasar Hausa ke shuka wake a tsakanin gero, sun kuma san gonar da aka yi gyaɗa bara ta kan yi dawa mai kyau bana. Dalilin ne ba a sani ba.

Ku ɗauki reza ku tsaga ƙullutu ɗaya. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, to, ana aiki a ɗakin. In fari ne, ko kore, ko ya yi baƙi, ko dai bai fara ba ko ya gama. Ku lura kuma, ƙullutun kirki a gefen saiwa ya ke manne, in kun murza da yatsa sai ya ɓalle. In kuwa saiwar ce kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba ta ɓallewa, wannan cuta ce ta wata 'yar tsutsa, irin wadda ke kama tumatir da kuɓewa.

Ba duk dangin wake ke da wannan baiwa ba. Gawo yana da ita. Tafasa kuwa, ko da ya ke tana yin kwanso, ba ta yin ƙullutai.

Kada in yi muku ƙari. Gadagi ƙaramin tsiro ne, ba zai maye gurbin taki ba. Yawancin naitirojin da ya tara kuma cikin ganye da 'ya'ya ya ke, ba cikin saiwa ba. In kun yanke shi kun kai gida, kun kwashe mafi yawa. Hanyar da zai komo gona ita ce ta cikin tumaki da awaki, watau ku kwashe takin turke ku mayar. Wanda ya yanki gadagi a gonarsa ya sayar, bai kai taki ba, gonar ce ta yi asara.

ABINCIN DABBOBI

A kan wannan ba sai na daɗe ba, ku ne malamaina. Masu dawaki sun san darajarsa tun zamanin da. Masu turkar ragon layya ma haka. Dalili shi ne, naitirojin ɗin nan shi ne tushen abinci mai gina jiki, wanda ke sa nama da nono. Ciyawa irin su kyasuwa in ta bushe da rani, saura kaɗan ta zama kara kawai, tana cika ciki ba ta gina jiki. Gadagi busasshe kuwa ajin harawa ya ke. In kun haɗa kaɗan da ingirici ko karan dawa, dabba ta fi cin sauran da marmari.

Amfanin yana cikin ganye. In kun shanya shi a rana har ya yi ƙarau, kafin ku kai gida ganyen ya kakkaɓe, kun ɗauko tsinke. Ku bar shi ya sha iska ya yi yaushi, ku juya shi, ku ɗaure da sauran laushinsa da safe, ku ƙarasa busarwa a inuwa. Ku ɗora a kan rumfa ko soro ko cikin reshen itace, inda ruwan ƙarshe da gara ba za su same shi ba. Wanda ya bushe da korensa shi ne mai kuɗi.

Na san wani zai tambaye ni labarin shayin gadagi da a ke sayarwa a tasha, musamman a Kano, wanda direbobi da 'yan ƙwadago ke sha don su ji ƙarfi. Abin da zan ce kaɗan ne. Ba gadagi kaɗai a ke dafawa a tukunyar nan ba, kuma mai sha bai san abin da aka zuba ba. Ni ba na sha, ba na kuma ba ɗalibina shawara ya sha. Gajiya barci ta ke so da abinci.

TO, ME YA KORE SHI?

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Ina ganin ku da kanku kun fara hango amsa.

Da, mutum ya kan noma gona shekara kaɗan ya bar ta ta huta. A saurar nan gadagi ke zubad da iri ba mai damunsa. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance wajen rabon gado, ba mai iya barin saura. Tun da Dutse ta zama babban birni kuma, gidaje da ofisoshi da makarantu sun hau kan filayen da a ke noma da kiwo. Mutanen Yalwawa ba sai an gaya musu wannan ba. Ga kuma maganin feshi na kashe ciyawa. Shi ba ya tambayar sunan ciyawa, da mai amfani da marar amfani duk ɗaya ne gare shi. A nan in ja kunnenku, kada ku yanko wa dabba ciyawa a inda aka yi feshi kwanan nan.

Waɗannan ba su da sauƙin gyara. Amma akwai guda wanda ke hannunmu, kuma a ganina shi ya fi yin ɓarna a 'yan wuraren da suka rage. Shi ne tumɓukewa da wuri. Da gadagi ya yi kyau cikin marka, sai yara su bi shi su fizge har saiwa, don kowa na tsoron kada wani ya riga shi. Ba a bar shi ya yi kwanso ba, balle ya zubar. Bana a yi haka, ajiyar ƙasa ta fito da saura. Baɗi a sake. Shekara kaɗan sai a wayi gari wurin ba kome sai ƙarangiya, ita da ba mai son taɓa ta, ta zubad da irinta lafiya lau. Sa'an nan a ce gadagi ya gudu. Bai gudu ba, cinye irinsa aka yi.

Ban ce ku bar shi cikin shuka ƙarama ba. Da noman firi da maimai, duk abin da ke gasa da gero wajen ruwa a cire shi, har gadagi. Amma wanda ya fito daga baya, sa'ad da gero ya riga ya yi sama ya fi ƙarfinsa, wannan ba ya rage muku kome. Ku bar shi. In lokacin yanka ya yi, ku sa lauje, ku yanka sama da ƙasa kamar faɗin yatsa huɗu, saiwa ta zauna ta ruɓe a wurin. In da sauran damshi ma ya kan sake tofowa daga ƙananan rassa. Kuma ko wace gona a bar wani yanki, ko da layi guda ne a kan iyaka, kada a taɓa shi sai kwanso ya yi duhu ya fara karyewa da kansa. Ku gaya wa yaranku dalili, gama su ne masu yankan.

Wanda gadagi ya riga ya ƙare a wajensa, yana iya komo da shi. In kun sayi dami ko kun ajiye, ku shimfiɗa buhu a ƙarƙashi. Ɗan garin da ke zubowa, akwai gaɓoɓin kwanso a ciki. Ku tara, ku ajiye a busasshen wuri, ku watsa a iyakar gona in damina ta kusa. Takin turke ma ya kan zo da iri, don waɗansu ƙwayoyin su kan ratsa cikin dabba su fita ba su narke ba. Shi ya sa wani lokaci ku ke ganinsa ya fito a inda aka zuba taki.

AIKIN AJI

Ran karatu mai zuwa ko wane ɗalibi ya zo da gindin gadagi guda, da saiwarsa a wanke, da na wake guda, da na ƙarangiya guda. Za mu jera su a kan tabarma mu ƙirga ƙullutai, kowa ya rubuta adadin da ya samu a littafinsa, da sunan wurin da ya tono, da irin ƙasar wurin, ko rairayi ko laka.

Wanda ya sami busasshen kwanso kuma ya ɓare ƙwaya 40, ya raba biyu. Ashirin ya bar su yadda su ke. Ashirin ya goga su kaɗan a kan dutsen niƙa, don fatar ta kuje, amma kada ya farfasa. Za mu shuka su cikin kasko biyu a bayan zaure, mu riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Ko wace safiya mai zuwa da wuri ya ƙirga waɗanda suka tsiro a ko wane kasko, ya rubuta a allo da kwanan wata. Baba ya ce shi zai kawo kaskon.